Motocin cikin gilashi sun shiga tsakanina da maigida

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan cikin birnin Kano, shekararmu 11 da aure, yaranmu uku. Maigidana ɗan kasuwa ne, kuma tsakani da Allah bai taɓa barinmu da yunwa ba. Damuwata wasu 'yan ƙananan motoci ne da yake tarawa. Tun kafin aurenmu yana da biyar ko shida, yanzu sun haura 40, an jera su cikin kabad ɗin gilashi a falo, mukullin kullum yana aljihunsa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, wai duk cikinsu babu wadda aka taɓa sayar da babbarta a kasuwa. Ya ce kamfanoni ne suka ƙera ɗaya-ɗaya suka nuna wa duniya, shi ke nan. Na sha ce masa wannan ai wasan yara ne, sai ya yi dariya ya tashi.

A farkon zangon karatun nan ya ce in yi haƙuri da kuɗin makaranta, kasuwa ba ta tafiya, har aka koro yara gida. A satin ne aka kawo wani kwali da sabuwar ƙaramar mota a ciki, ya ce naira dubu 40 ya saye ta. Daga baya na ari wayarsa zan kira Hajiya, sai na ga alat na naira dubu 420 da ya tura wa mai kawo masa su. Ban ce komai ba, amma tun ranar raina a ɓace yake.

Ana cikin haka babban ɗanmu mai shekara 9 ya zaro mukullin daga aljihun rigar babansa, ya fito da wata doguwar baƙa, wai ita Exelero, ya kai wa abokansa su gani a ƙofar gida. Ta suɓuce ta faɗi, madubi ya karye, taya ɗaya ta fita. Babansa bai dake shi ba, amma ya yi masa tsawar da ban taɓa ji ba, kuma yau kwana 10 ko gaisuwar yaron ba ya amsawa.

Hajiyarsa ta ce gumaka ne, su ke hana mala'iku shiga gidan, in kwashe in ƙona. Ƙawata ta ce in ɗauki biyu a ɓoye in sayar in biya kuɗin zango mai zuwa, ya ji a jikinsa. Shi kuma kullum cewa yake jari ne, wata rana za mu ci amfaninsu. Anti, lafiyarsa ƙalau kuwa? In kai ƙara wurin yayansa ne, ko in bi shawarar ƙawata?

Maman yara uku, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da haƙuri. Mata da yawa da su ne suka ga alat ɗin nan, da ranar maƙwabta sun sha kallo, ke kuwa kika danne zuciyarki kika nemi shawara. Na kuma ji daɗin yadda kika fara da yi wa mijinki shaidar cewa bai taɓa barinku da yunwa ba. Ki riƙe wannan shaidar, za ta yi miki amfani ranar da za ku zauna.

Shawarwari biyun da aka ba ki, ki ajiye su gefe. Kada ki ƙona, kada ki sayar. Dukiyarsa ce, ke kuma amanar gidan tana wuyanki. Ranar da kika ɗauki ko guda ɗaya a ɓoye, magana ta tashi daga "don me ka ɓoye mini gaskiya" ta koma "don me kika ɗaukar mini kaya", kuma duk wanda aka kira ya sasanta, ke zai ba rashin gaskiya. A yanzu ke ce da gaskiya, kada ki zubar da ita a kan kuɗi kaɗan. Kaɗan ɗin ne kuwa. In kika kai motar nan Sabon Gari wurin masu kayan wasan yara, za su juya ta su ga ba batir, ba rimot, ko tafiya ba ta yi, su taya miki abin da bai kai kuɗin littattafan yaro ɗaya ba.

Abin da ba zai jira ba shi ne yaron. Uba ya yi kwana 10 ba ya amsa gaisuwar ɗan shekara 9, wannan ya wuce horo. Abin da yaro zai ɗauka shi ne motar ta fi shi daraja a gidan, kuma irin wannan tunani yakan daɗe a zuciya fiye da zafin bulala. Addini ma bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku ba, balle ɗan cikinsa. Sai dai yaron ya yi laifi na gaske, laifin kuwa shi ne shiga aljihun babansa. Faɗuwar motar tsautsayi ce. Ki zaunar da shi ki fahimtar da shi haka. In madubin da tayar suna nan, ki sa ya zuba su a 'yar leda ya kai wa babansa da hannunsa bayan isha'i, ya durƙusa ya ce, "Abba ka yi haƙuri, na ɗauki mukullinka ba da izininka ba." Kafin nan ki sami maigidan ku biyu, ki gaya masa halin da kike ganin yaron yake ciki, ki roƙe shi ya karɓi tubansa. Kada ki sako maganar alat a wannan zaman. In kika haɗa su, zai tsaya kare kansa a kan kuɗi, a manta da yaron.

Kin tambaya ko lafiyarsa ƙalau. In don tara motocin ne, ƙalau yake, kuma abin da ya gaya miki a kansu gaskiya ne. Manyan kamfanonin mota sukan ƙera motar gwaji, guda ɗaya ko biyu, su zuba mata duk basirar masu zanensu da injiniyoyinsu, su kai ta bikin baje kolin motoci a ga yadda jama'a za su karɓe ta. Abin ya daɗe. Yawanci ana ƙirga farkonsa daga 1938, lokacin da Harley Earl na kamfanin General Motors a Amurka ya fito da Buick Y-Job, mai fitilun da ke ɓuya cikin jikin mota da gilasan da ke hawa da lantarki. Wasu daga cikin irin waɗannan sukan shiga kasuwa bayan an rage musu ƙawa, da yawa kuwa daga wurin nuni sai ɗakin ajiya. A 2003 Cadillac ta nuna wata a Detroit mai suna Sixteen, injinta silinda 16, aka ce ƙarfin doki 1,000 gare ta, murfin injin yana buɗewa gida biyu, dama da hagu. Aka yi ta yabo, ba a sayar da ko ɗaya ba. Lamborghini ta kawo Estoque mai ƙofa huɗu a Faris a 2008, shekarar da tattalin arzikin duniya ya rikice, daga nan aka jingine ta. Jaguar har sanarwa ta yi cewa za ta ƙera C-X75 guda 250, a ƙarshen 2012 ta janye. Hatta Peugeot, Fijon nan tamu da masana'antarta ta Kaduna ta fara aiki a 1975, tana da nata: 907 mai silinda 12 a 2004, da Onyx a 2012, wadda aka yi wa ƙofofi da tsantsar jan ƙarfe ba fenti, da gangan, don launinta ya riƙa sauyawa da tafiyar shekaru.

Wadda ɗanki ya karya kuwa, Maybach Exelero, tana cikin waɗanda masu wannan sha'awar suka fi ji da su. Ɗaya tak aka yi a 2005. Wani kamfanin taya na Jamus mai suna Fulda ne ya sa aka ƙera ta don ya gwada sababbin tayoyinsa, ta kuma yi gudun kilomita 351 a awa a filin gwaji na Nardo da ke Italiya, duk da nauyinta ya haura tan biyu da rabi. To ki duba. Mai tara ƙananan Marsandi da Toyota yana tara kamannin abin da zai iya gani a titin Zoo Road ko wata rana ya saya. Mijinki yana tara abin da ko wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka ba zai shiga shagon mota ya ce a ba shi ba. Ɗan samfurin nan ne kaɗai hanyar da mutum zai riƙe ta a hannu, ya juya ta, ya leƙa kujerunta da sitiyarinta. Wasu ma labarin ne ya fi jansu: wa ya zana ta, me ya sa aka fasa, ina take yanzu. In kin so ki gwada, wata rana ki nuna ɗaya ki ce ya ba ki labarinta, ki ga ko za ki samu ki ɗora tukunya a kan lokaci.

Kafin ki ce abin da ba a hawa ina amfaninsa, ki tuna ɗakin iyayenmu. Kwalla da samira da tangaran a jere cikin kabad har kusa da rufi, ba a taɓa zuba miya a cikinsu ba, a sauke a goge a mayar, kuma yaron da ya fasa guda ɗaya ya san abin da ya tarar. Ba wanda ya ce iyayenmu ba su da lafiya.

Yanzu ga kuɗin. Dubu 420 bai ba ni mamaki ba; da a ce dubu 40 ce gaskiyar, ita ce za ta ba ni mamaki. Ana yin motocin nan bisa ma'auni. In kika ga 1:18 a jikin kwali, ana nufin an raba girman motar gaske gida 18, mota mai tsawon mita 5 ta dawo wajen santimita 28. Akwai 1:43 mai kamar santimita 12, akwai 1:64 'yar mitsitsiya irin ta Hot Wheels. Masu sauƙin kuɗi, irin na kamfanonin Maisto da Bburago, da ƙarfe ake zuba su dubbai-dubbai. Motar da ba a taɓa gani a titi ba kuwa masu nemanta kaɗan ne, don haka sau da yawa kamfani ba ya kashe kuɗin yin mazubin ƙarfe a kanta. Sai ya yi ta da wata roba mai tauri da ake kira rezin, 'yan ɗaruruwa kawai, a haɗa da hannu, a buga wa kowace lamba. Irin waɗannan a ma'aunin 1:18 sukan kai dala 200 zuwa sama, tun kafin kuɗin jirgi da na kwastam da la'adar mai kawowa. Ki haɗa da abin da ya sami naira: a farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wato abin da mijinki ya saba saye ba tare da ya ji a jikinsa ba ya ninka sau uku, cinikin shagonsa kuwa da wuya a ce ya ninka haka. Zatona bai taɓa zama ya yi wannan lissafin ba, ko kuma ya yi ya kawar da kai.

Maganar jari kuwa, da sauran rina a kaba. Gaskiya ne akwai samfuran da kuɗinsu ke tashi bayan an daina yinsu, amma sai motar tana da kwalinta na asali da takardar lambarta, ba ƙwarzane ko ɗaya, kuma yawancin masu sayen suna Turai da Amurka da Japan, kuɗin aika musu ya ci rabin ribar. In wani kamfani ya sake fito da irinta, farashin tsohuwar ya faɗi. Ga kuma yanayin garinmu. Zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40 yana lanƙwasa rezin, yana ɗaga siririyar robar da ake yin gilasan tagogi da ita. Ranar da ke shigowa ta taga tana kashe fenti. Ƙurar hunturu ba inda ba ta shiga, in aka share ta da tsumma sai ta bar zane. Na ƙarfen ma, in an sami gurɓataccen haɗi tun daga masana'anta, sukan fara kumbura suna tsattsagewa da kansu, laimar damina tana ƙara wa abin sauri, kuma ba shi da magani. Mijinki ɗan kasuwa ne, ya san kaya sai an sayar ake sanin kuɗinsu. Don haka kada ki yi masa musu, ki ce ya gwada sayar da guda biyu da bai damu da su sosai ba. A shafukan gwanjo na intanet irin su eBay ana iya duba farashin da aka sayar da kaya a zahiri, wanda ya sha bamban da abin da mai kaya ya rubuta yana fata. In ya ci riba, alhamdulillahi, ga kuɗin zango ya samu. In bai ci ba, sai a daina kiran abin jari, a ce sha'awa ce, ita kuwa halal ce amma daga rarar kuɗi ake yinta. (In ya dage cewa haja ce da ya saya don sayarwa, to sai ya tambayi malaminsa hukuncin zakkar kayan kasuwanci a kanta. Ina jin nan take zai ce sha'awa ce.)

Inda ba zan kare shi ba shi ne nan. Yara su dawo gida da jakunkuna a kafaɗa saboda kuɗin makaranta, a satin kwali ya shigo, sannan a ce miki dubu 40. Haƙƙin iyali yana gaban duk wata sha'awa, kuma kunyar da yaro ke ji in an kira sunansa a aji an ce ya tafi gida, shi ma mijinki ya san ta. Akwai uzuri ɗaya da ya kamata ki ba shi damar kawowa: irin waɗannan motocin sau da yawa sai an yi odarsu watanni kafin a ƙera su, a ba da kafin alƙalami, ragowar kuɗin ya taso a lokacin da mutum bai zaɓa ba. In haka ne ya faru, ya rage nauyin laifin. Bai share ƙaryar farashin ba.

Me ya sa ya ɓoye? Ruwa ba ya tsami banza. Magidanci a Kano zai iya faɗin kuɗin dokinsa ko agogonsa ko shaddarsa a majalisa, a ce masha Allah. Wanda ya ce ya sayi motar da ba ta tafiya naira dubu 420, tsokanarsa za a yi ta yi har ya yi furfura. Ke ma kin ce kin sha kiran abin wasan yara, ya yi dariya ya tashi. Dariyar nan ba ta jin daɗi ba ce, ƙanwata. Ban ce ke kika sa shi ƙarya ba, babba ne, shi ya zaɓa. Amma wanda ya san duk kuɗin da ya ambata raini zai biyo baya, yakan ambaci wanda rainin zai zo da sauƙi. In kina son jin gaskiyar farashi daga bakinsa nan gaba, dole ki daina yi wa abin ba'a, ko da har yanzu bai burge ki ba.

Game da Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya, maganar gumaka ba ta hau nan ba. Abin da malamai suka yi magana a kansa shi ne surar abu mai rai. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya riƙa yin itatuwa da duk abin da ba shi da rai, mota kuwa ba ta da rai. Amma ba ke za ki gyara wa surukarki fatawa ba. Ki ce mata, "To Hajiya, za a duba insha Allahu," ki bar ɗanta ya yi mata bayani, ko ya sa malamin da take jin maganarsa. Ina kyautata zaton abin da ke damunta a zuci shi ne almubazzaranci, a nan kuwa tana da hujja, domin Suratul Isra'i ta yi kashedi mai zafi a kansa. Ki dai kiyaye abu ɗaya: kada ki haɗa kai da ita a kan ɗanta. Yau za ta ji daɗi, gobe in sun shirya ke ce bare. Kuma kada ki gaya mata kuɗin.

Bayan ya shirya da yaron da 'yan kwanaki, ki zaɓi daren da ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci, ba ranar da kasuwa ta ba shi haushi ba. Ki fara da shaidar nan da kika yi masa a wasiƙarki, ki faɗa masa ita da bakinki. Sannan ki fito fili, ba zagaye-zagaye: "Abban yara, ranar da na ari wayarka na ga alat ɗin dubu 420. Ban bincika ba, gani na yi. Kuɗinka ne, ban ce kada ka sayi abin da kake so ba. Abin da ya ci mini rai shi ne a satin aka koro yara, kuma ka ce mini dubu 40." Daga nan ki yi shiru, ki bar shi ya yi magana. Zai iya fara faɗan don me kika duba masa waya. Ki ba shi haƙuri a kan wannan sau ɗaya, ki dawo kan maganarki.

Kada ki nemi ya daina tarawa. Ba zai daina ba, sai dai ya koma kai su shago ko gidan aboki, ki rasa ma ganin kwalin. Tsari za ki nema. Kuɗin makaranta na kowane zango a riƙa ware shi kaɗan-kaɗan duk wata, a asusun da ba a taɓawa ko a adashin da kwasarsa ke faɗowa kafin a koma makaranta, kuma ba mota sabuwa sai wannan ya cika, an yi cefane, an sallami haya in akwai. Bayan haka ya yanke wa kansa abin da zai riƙa kashewa a shekara, ke ma ki san adadin. Masu wannan sha'awar da suka daɗe a cikinta suna da dabarun rage ɓarna da zai iya ara: in sabuwa za ta shigo, tsohuwa ta fita, ko mutum ya tsaya a kan kamfani ɗaya ko zamani ɗaya maimakon ya bi duk abin da ya gani, ko ya sauko zuwa 1:43, da ta fi araha kuma ba ta cin wuri. Sannan ki roƙe shi ya buɗe littafi ya rubuta sunan kowace mota, ma'auninta, kamfanin da ya yi ta, da ainihin kuɗinta. Ki ce masa rai na Allah ne, in ta Allah ta kasance, masu rabon gado za su ɗauke su a matsayin kayan wasa su raba wa yaran dangi, haƙƙin 'ya'yansa ya salwanta. Wannan hujja ce da mai tara kaya ba ya iya musunta, kuma ta nan gaskiyar farashin za ta fito ba tare da an tsare shi da tambaya ba. Ki shirya zuciyarki, jimillar za ta iya girgiza ki. Shi ma za ta girgiza shi, kuma ana son hakan.

Kabad ɗin ya tashi daga falo ya koma turakarsa, nesa da taga. Ajiye motoci 40 masu ƙyalli a gaban yara uku a ce kada su taɓa, jarrabawa ce da ba kowane babba zai ci ba, kuma a jikin kwalayen irin waɗannan ma akan rubuta cewa ba na 'yan ƙasa da shekara 14 ba ne. Ƙura a share ta da buroshi mai laushi irin na hoda. Wadda ta karye tana gyaruwa, amma kada a kusance ta da sufa gulu, domin tururinsa yana barin farin tabo a fenti da gilashi. Farin gam irin na kafintoci a bakin tsinken sakace ya isa madubi, tayar kuwa mai gyaran agogo ko na waya a Farm Centre yana da hannu da kayan aikin da za su iya. Darajarta a kasuwa ta ragu, wannan sai haƙuri. Ina so a yi gyaran a gaban yaron, yana riƙe da fitila.

Shi yaron, ki lura, bai kai motar don ya ja ta a ƙasa ba, kai ta ya yi ya nuna wa abokansa abin babansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ki ba maigida shawara ya saya masa 'yan ƙananan nan masu sauƙin kuɗi guda biyu ko uku su zama nasa, ya koya masa riƙo da ajiya, ranar Juma'a in an sauko masallaci ya buɗe kabad ya ba shi labarin guda ɗaya. Ki sama masa littafin zane da fensir. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ne, ya yi aikin zanen mota a General Motors, shi ya zana jikin motar gwajin Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, daga baya a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsarawa da bunƙasa motoci ta ƙasa. Ban ce ɗanki can zai kai ba, amma ya kamata ya san ɗan Arewa ya yi wannan aikin.

Kai ƙara wurin Yaya ki bar shi a matsayin mataki na gaba. In kun zauna ya ƙi sauraro, ko ya amince sannan zango mai zuwa aka sake koro yara, to ki sami yayan nasa shi kaɗai, ki gaya masa maganar kuɗin makaranta da ƙaurace wa yaro, ba tare da kin mayar da motocin abin dariya ba. Kada maganar ta shiga zauren WhatsApp na dangi, kada ta je wurin ƙawar nan taki. Ki kuma sa ido a kan wasu alamu: in kika fara jin masu bin bashi suna sallama, ko kiran masu ba da rance ta waya, ko kayan shago suna raguwa alhali kwalaye suna ƙaruwa, ko yana saye ya ajiye bai ko buɗe ba, to abin ya wuce sha'awa ya zama sayen da mutum ya kasa riƙe kansa a kai. Wannan yana buƙatar manyan gida biyu su shigo, wataƙila har da ganin likitan ƙwaƙwalwa da ɗabi'a, kuma akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ban ga waɗannan alamun a wasiƙarki ba. In kin gan su daga baya ki sake rubuto mini, domin shawarar wannan daban ce. Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya yaran.